Keken Ɗinki a Cikin Bonet

Tas-tas-tas-tas. Tsohon ya ajiye kofin shayinsa, ya kasa kunne. Keken ɗinkin matarsa ne, babu tantama, ita kuwa shekararta uku a ƙasa. Da ya leƙa waje sai ya ga 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga aikin dare. Tana kashe mota, ɗinkin ya tsaya.

"Baba, ka ji abin da motar nan ta tsiro da shi? Don Allah ka kai mini ita gareji."

"To, gobe."

Goben nan ta yi kwana tara. Yau gwiwa, gobe rana ta yi zafi. Lokacin dawowarta kuwa sai ya fito da kujera, ya lumshe ido, ya ji ɗinkin yana tahowa daga bakin layi.

Ran na goma ta shigo tana dafa bango.

"Kaina kamar zai tsage, Baba. Barci ya sace ni a danja, sai hon na ji ta ko'ina."

A safiyar nan shi ya fara isa gareji da motar.

Bakanike ya ɗaga bonet, ya yi tsaki. Saurayin da ya sayar musu da motar ya cire bututun hayaƙi na asali, ya ɗaura wani mai ƙyalli don ta ƙara gudu.

"Kwalliya har a salansa! Duba nan, Baba." Ya nuna baƙin tabo inda bututun ya manne da inji, ya shafa ruwan sabulu, ya tayar da motar. Wurin ya yi ta hura kumfa kamar bakin jariri. "Daga gefe ya fara ɗaure noti, ƙarfen ya karkace, gaskit ɗin da ke toshe tsakanin bututu da inji ya ƙone. Hayaƙin nan cikin mota yake shiga. Wa ke tuƙa ta?"

"'Yata."

"Tun yaushe take wannan ƙara?"

Tsohon ya dubi takalmansa. Bakanike ya kai hannu zai kashe.

"Dakata, ɗana. Bar ta ta ɗan yi."

Suka tsaya, shi da bakanike da sifana a hannu, ana ta ɗinki a cikin bonet. Can tsohon ya miƙa hannu ya murɗa makulli da kansa.

Aka goge ƙarfen ya miƙe, aka sa sabon gaskit, aka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe. Inji ya yi zafi, ya huce, aka sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Washegari yana kan kujerarsa, bai san ta iso ba sai da ta taɓa kafaɗarsa, fuskarta wasai. Maƙwabciyarsu, wadda marigayiyar ke yi wa ɗinki a da, ta leƙo ta taga.

"Wai wa ke ɗinki a gidanku kwanan nan? Yau na ji shiru."

'Yar ta dubi mota, ta dubi ubanta. Shi kuwa ya naɗe kujerarsa.