Ƙarƙashin Jif ɗin Yasuzo

A ƙauyukan kan tuddan Aomori, mota ba ta mutuwa daga inji, daga ƙasa take mutuwa. Duk lokacin sanyi motar hukuma kan bi titi tana barbaɗa farin gishiri don ƙanƙara ta narke. Tayoyi su kwaso shi su watsa wa cikin mota, shi kuwa ya sami lungu ya kwanta yana ci a hankali. Haka motar Tokie ta tafi. Injinta na gurnani lafiya lau kamar kyanwar da ta ƙoshi, amma da masu duba lafiyar mota suka ƙwanƙwasa ƙarfen ƙarƙashinta, sai guduma ta shige. Suka ce ita da titi har abada.

A kakar nan kuma aka soke bas ɗin da ke hawowa ƙauyen. Ga mijinta Sueji, dole a sauka da shi gari wankin ƙoda, yau a je, gobe a huta, jibi a koma. Tun da motar ta tafi, gida-gida take bi tana sunkuyar da kai tana roƙon a rage musu hanya, har wuyanta ya gaji da godiya. Abin da take so kawai, ta sami mabuɗin mota nata na kanta kafin ƙanƙara ta rufe tudu. Kuma lokaci ya ƙure, domin fararen ƙwarin nan masu kama da ɓurɓushin auduga, waɗanda ke riga ƙanƙarar fari zuwa, sun fara yawo tsakanin itatuwan tuffa.

Jif ɗaya ce ta sayarwa a ƙauyen, ta Yasuzo, ƙanin mijinta, wanda ya yi sabuwar mota. Shi ne kuma mai taraktar da ke share mata ƙanƙara daga hanyar gida duk safiyar sanyi. Ranar da bai zo ba, ko ƙofa ba ta buɗuwa.

"Matar Yaya, dube ta da kyau," in ji shi, yana shafa bayan jif ɗin a cikin rumfar ajiye tuffa. "Ta fi ki ƙuruciya, ta fi ki jin magana."

"Ta fi ka kuma wanka," ta ce.

"Wanka? Kowace kaka da hannuna nake fesa mata baƙin fenti a ciki. Gishiri ya zo ya tarar da ƙofa a kulle."

Tokie ta zagaya motar tana yabo, kamar yadda ake yi. A nan ba a leƙa ƙarƙashin motar ɗan'uwa. Wanda ya yi haka, tamkar ya ɗaga murfin tukunyar gidan ne ya ga ko da gaske akwai nama. Sai dai idonta ya faɗa kan abu guda. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, daɓen rumfar a bushe yake ƙayau, amma daidai ƙarƙashin jif ɗin akwai ɗigo-ɗigon laima a jere, kamar motar tana gumi.

"Bari in kawo shayi mu gama magana," Yasuzo ya ce, ya nufi cikin gida.

Ta saurari takunsa har ya ɓace. Sannan ta jawo kwalin tuffa, ta shimfiɗa, ta kwanta rigingine, ta tura kanta ciki da dugadugai.

Wata duniya ce a can. Komai baƙi wul, yana sheƙi, gwanin kyau. Dogayen ƙarafa biyun da ke ɗauke da jikin motar sun miƙe a samanta kamar azarar ɗaki. Amma fentin ya yi ƙuraje nan da can. Ta danna ɗaya da babban yatsa, ya fashe, jan ruwa ya gangaro mata a hannu. Ta ɗanɗana. Ita da ta shekara arba'in tana jiƙa ganye da gishiri a tulu, ta san wannan ba na girki ba ne. Ɗaci gare shi, irin na titi, mai jawo laima ko da rana ta take. Ta zura yatsa a wata 'yar kafa da ke jikin ƙarfen, sai tsatsa ta zubo mata a fuska, falle-falle kamar busasshen ganyen shayi. A can ciki kuma gishirin ya tsiro fari fat, reshe-reshe, kamar wata 'yar bishiya da ba ta taɓa ganin rana ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta taɓa ganin abin da zai kashe mutum ya yi kyau haka ba.

Ta tuna gangaren da ke bayan wurin ibadar ƙauye, inda titi ke lanƙwasa a bakin kwari, ta ga Sueji a zuci, a gefenta cikin jif ɗin, lulluɓe da bargo. Ta yunƙura za ta fita.

Ina! Wani ƙarfe kusa da salansa ya kama rigar sanyinta ta kafaɗa. Ta yi gaba, ya riƙe. Ta yi baya, ya ƙara nutsewa cikin audugar rigar. Hannunta ba ya kaiwa wurin, kanta ba ya ɗaguwa. Sanyin daɓe ya ratso kwalin ya shiga ƙashin bayanta. Ta kwanta, hancinta na kusan taɓa cikin motar, tana jin takun Yasuzo yana dawowa, kofuna na ƙara a kan faranti.

Takun ya tsaya. Ba ta ganin komai sai takalmansa na roba.

"Matar Yaya," ya ce a hankali, ba wasa a muryar. "Wani abu kika yar a nan?"

"Ban yar da komai ba."

"Wato ni macuci ne. Ni da nake tashi da asuba in share miki hanya."

"Yasuzo, yi faɗanka daga baya. Motarka ta kama ni."

Ta san in ya juya ya tafi, ba motar kaɗai ta rasa ba, har da taraktar. Can sai ta ji an ajiye faranti, ya durƙusa yana nishi yana zagin gwiwoyinsa, ya kutso ta ɗaya gefen har kafaɗarsa ta taɓa tata.

"Tsohuwa da ke, kin shige rami kamar dila," ya yi gunaguni. "Kar ki motsa."

Ya kama ƙarfen da ya riƙe ta, ya ja don ya lanƙwasa shi. Bai lanƙwasu ba. Ɓallowa ya yi gaba ɗaya, ya taho da wani yanki na babban ƙarfen mai faɗin tafin hannu. Jar ƙasa ta zubo musu a ido da baki. Yasuzo ya juya abin a hannunsa. Waje baƙi sumul, ciki kuwa kamar garin yaji.

"Kafin ka fesa," ta ce, "kana wanke mata ciki?"

"Wa ke wanke abin da zai rufe da fenti?" Ya sake duba ƙarfen da ke hannunsa. "Ashe a ciki na kulle gishirin. Shekara da shekaru ina rufa masa bargo."

Rigarta ta saku, amma babu wanda ya fita. Suka kwanta kafaɗa da kafaɗa suna kallon ramin.

"Tare da Yaya za ki sauka gangaren nan a cikinta," ya ce.

"Da shi."

Ya share bakinsa da bayan hannu. "To, ba ta sayarwa. Ni zan riƙa kai ku a sabuwar. In share hanya, in ɗauke ku, in dawo da ku, har bazara. Kar ki ce komai."

Nan da bazara babu wata mota da za ta hawo ƙauyen neman mai saye. Duk safiyar asibiti za ta tsaya a bakin taga tana jiran ƙarar injin wani, ta fito ta sunkuya ta gode.

"Na gode, ƙanina," ta ce, tun daga kwance.

Ta juya kai wajen ƙofar rumfa, inda haske ke shigowa ta tsakanin tayoyi. Fararen abubuwa na sauka a tsakar gida. Ta ɗauka ƙwarin nan ne, har sai da ta ga ba sa tashi.