Saƙon da Mode Ya Kai Fadama

A shekarun da yaƙin Turawa ya yi zafi, aka shiga ɗibar maza daga ƙasar Sakkwato ana kai su tudun Jos haƙar kuza, ko mutum yana so ko ba ya so. Ɗiban gwamna ake ce wa abin. Waɗanda suka je suka dawo, da tari suka dawo, da labarin sanyi mai ratsa ƙashi. Wasu kuwa rigunansu kawai aka kawo wa iyalansu.

Da abin ya iso Rimawa, Halliru na cikin waɗanda aka kira. Bai tsaya wata-wata ba, ya sulale ya shige fadama ta wajen Shinaka, ya laɓe a wata tsohuwar bukkar masunta. Mutum ɗaya ne ya san wurin, Mode, abokinsa tun suna wasan ƙasa, kuma wan Kulu, matar Halliru. Shi ke kai masa abinci in ya fita da sunan duba gona.

Ran nan Sodangi, wakilin mai gari, ya aika a kira Mode. Ya same shi a zaure kan buzu, ga dogarai biyu daga Goronyo a tsugune suna cin goro.

"Mode, an ce geronka ya nuna."

"Ya nuna, ranka shi daɗe."

"Matarka Laraba kuma ta kusa sauka."

Mode ya dubi ƙasa. Bai taɓa jin Sodangi ya tambayi lafiyar iyalin kowa ba.

"Gurbin Halliru ba ya zama wofi," in ji Sodangi. "An ce in cika shi kafin kasuwa ta watse gobe. Ko shi, ko wani nashi. Ni kau ban ga wanda yaf fi ka kusa da shi ba."

"Ban san inda shike ba, ranka shi daɗe."

"Ban tambaye ka ba. Gindin tsamiyar kasuwa muke gobe. Ko ka zo da shi, ko ka zo da tabarmarka."

Mode ya fito. Ya bi ta gonarsa, ya tsaya yana kallon zangarniyar gero ta sunkuyo don nauyi, tsuntsaye har sun fara sauka. In aka tafi da shi, wa zai yanke? Wa zai tsaya wa Laraba? Ya ce a ransa, ai sunan Halliru aka kira, ba nasa ba. Mutum ya kunna wuta ya gudu, sai a ce maƙwabci ya ƙone? Ya yi ta maimaita wannan har ya ji kamar gaskiya ce.

Da safe yana shirin fita, sai ga Kulu da ƙullin dawo a bakin zane. Ta miƙa masa, ta rage murya.

"Yaya, ka ba shi wanga. Ka ce mashi don Allah kada shi hito, dogarai na nan."

"To," in ji Mode. Bai iya duban idonta ba.

Ya sami Halliru a bakin ruwa yana gyaran wata tsohuwar komar kamun kifi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma da ya ga Mode sai ya washe baki. Mode bai bari sun gama gaisawa ba, don ya san in suka zauna ba zai iya ba.

"Inna Fatsuma ba ta da lafiya. Tun shekaranjiya take kwance, ba ta kiran kowa sai kai."

Koma ta faɗi daga hannun Halliru. Shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa tsohuwar.

"Mi yas same ta?"

"Zazzaɓi. Ya kama mata ƙirji."

"Dogarai fa?"

"Sun koma Goronyo."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani. Wallahi..."

Halliru ya ɗaga hannu. "Ba sai ka rantse mani ba, Mode. Mu tahi."

Suka kama hanya cikin dawa da ta fi su tsayi, Halliru a gaba yana sauri har ganye na yankar masa hannu. Tambaya yake yi ba ƙaƙƙautawa. Tana shan kunu? An kira malam? Wa ke kwana da ita? Kowace tambaya sai Mode ya ƙera mata amsa, kowace amsa kuma ta haifi wata. Ƙullin dawon Kulu na cikin aljihunsa yana bugun cinyarsa.

Da suka hango rumbunan Rimawa, sai Mode ya rage sauri. Ya tsaya cak.

"Halliru, dakata."

Halliru ya juyo. "Mi?"

Maganar ta zo har bakinsa. Kalma ɗaya ta isa, Halliru ya koma cikin dawa, babu mai ganinsa. Sai ya tuna da tabarmar da Sodangi ya ambata.

"Ƙaya," in ji shi. "Ƙaya na taka."

Halliru ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar Mode ya ɗora a gwiwarsa, ya share ƙasar da babban yatsa, ya duba har tsakanin yatsu. "Babu komi nan. Daure, mun kusa." Ya miƙe. "Mu bi ta bayan danga, kada a gan ni."

"Ta kasuwa ya fi kusa," in ji Mode. "Ba ka san ko tana jiranka ba."

Kasuwa ta cika. Halliru ya ja rawani ya rufe baki, yana ratsa masu wake da masu igiya. Sun kusa tsamiya sai ya ja ya tsaya, har Mode ya yi karo da bayansa.

Inna Fatsuma ce zaune a inuwa, faifan daddawa a gabanta, tana ciniki da wata Bafulatana tana dariya har da tafa hannu.

"Inna!" Halliru ya saki rawani. Murna ce ta fara zuwa masa, fuskarsa duk ta buɗe. "Inna, kin tashi?"

Tsohuwar ta ɗago. Dariyar ta mutu a bakinta. Ta zabura, faifai ya kife. "Mi yak kawo ka? Koma! Koma, ɗana!"

Da ya ruga a lokacin, watakila da ya tsira, don akwai rata tsakaninsa da dogarai. Amma bai ruga ba. Juyowa ya yi yana duban Mode, yana dubansa, har suka riƙe shi ta baya suka zarga masa igiya.

Inna Fatsuma ta kama rigar Mode da hannu biyu. "Mode, ɗana, kai shika ji. Roƙar mani Sodangi!"

Sodangi ya taso daga gindin tsamiya yana kaɗe riga, ya ɗaga murya yadda duk na kusa za su ji. "Madalla, Mode, ka cika alkawari. Tahi ka yanke geronka."

Tsohuwar ta saki rigar a hankali, ta goge tafin hannunta a zane.

Da za a wuce da Halliru, ya tsaya daidai Mode. Bai ɗaga murya ba. "Da ka ce mani kai za su ɗauka, Mode, da na hito da ƙafata."

Mode ya yanke geronsa, amma shi kaɗai. Ya kira gayya, babu wanda ya zo, tsuntsaye suka cinye abin da suka cinye. Kulu ta koma ɗakin surukarta, ba ta zage shi ba, ba ta kuma sake ce masa Yaya ba. Laraba ta haifi namiji, ranar suna liman ya yi addu'a ya tafi bai taɓa goro ba.

Kafin damina ta zagayo Halliru ya dawo, ƙirjinsa na ƙugi, in yana noma ba ya iya kai ƙarshen kunya sai ya zauna ya huta. Mode ya je gaishe shi. Halliru ya amsa gaisuwar duka, har da tambayar jariri, sannan ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Mode ya zauna har ƙafarsa ta yi sanyi, ya tashi. Bayan girbin shekarar ya kwashi iyalinsa ya koma wurin kawunnansa a Maikujera.

Halliru ya yi 'yan shekaru yana fama da tarin kafin ya cika. Da labari ya kai Maikujera, Mode ya tako a ƙasa har Rimawa, ya iske an jera za a yi masa salla. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya matsa masa. Ya tsaya a sahun baya, a ƙarshe, ya ɗaga hannu tare da jama'a.