Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Da hantsi, hadari na haɗowa, Auta da yayanta suka kai tsohuwar kwamfutar marigayi babansu shagon gyara, don ta ƙi tashi. Mai gyara ya lallaɓa ya tayar da ita, amma faifan ciki ya ƙi karɓar komai.

"Goge shi kawai, malam," in ji yayan.

"Yaya, muryar Baba fa tana ciki!" in ji Auta.

Faifan na ta ƙarar ƙas-ƙas, Auta ta ƙura wa allon ido, mai gyara na kwashe sautukan zuwa filashinsa. Na ƙarshe na shiga, allon ya yi baƙi ƙirin.

Auta da yayan na cikin musu ko muryar ta salwanta, mai gyara ya ajiye filashin gefen jakarta, ya koma aikinsa.