Maganin Ƙarin Jinin Kawu Maharazu

Ranar da na dawo Kusada daga asibiti, Kawu Maharazu ya zo dubiya da kwalbar maganin ƙarin jini. Tun da ya taɓa gadin kemis a Kankia ya zama babban likitan danginmu.

"Juwairiyya, kin yi fari fat. Sha a gabana."

Na ce, "Kawu, likita ya hana. Ƙwayar cutar dajin da ke jikina ba ta hayayyafa sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma wani sinadari ke yi mata aikin, kamar injin niƙa. Ruwan da ake ɗaura mani shi ke toshe injin. Folik asid ɗin da ke cikin kwalbar nan kuwa yana iya ɓata aikin ruwan, ya ƙara wa cutar ƙarfi."

Ya dubi Inna. "To, yau 'yarki ta fi ni sani."

Inna ta sunkuyar da kai, ta miƙo mani cokali. A gidanmu babba ba ya kawo magani a ce mashi a'a.

Na durƙusa, na karɓi kwalbar hannu biyu, na ajiye cokalin.

"Madalla, Kawu. Dangi duk ni suka zo dubawa. Kai kaɗai ka tuna da cutar, ka kawo mata abinci."