Rubutun Khairat Ya Karkace

Shekarata tara ina koyar da lissafi a aji biyar na wata firamare a Tirwun, ban taɓa samun ɗaliba kamar Khairat Mansir ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Ita na zaɓa ta wakilce mu a gasar makarantu, kuma kullum aka tashi sai in riƙe ta mu yi bita.

Saura wata guda a yi gasar ta soma canzawa. Rubutunta mai kyau ya fara hawa da sauka, lambobi suna tsallake layi. In juyo daga allo sai in gan ta ta kifa kai a benci. Akwai auduga a kunnenta na dama, amma tun tana aji uku nake ganin audugar nan. Kunnen ya yi ruwa, ya daina, ya dawo. Kowa ya saba.

"Anti Cecilia, kaina ke ciwo."

"Kowa ma kansa na ciwo. Sake rubutawa."

Na ɗauka zaɓen da aka yi mata ne ya sa ta fara ji da kai. Wata Talata na kira ta gaban allo, ta taso tana tangaɗi, ta bangaji benci, aji ya kwashe da dariya. Na zaci da gangan ta yi. Na sa ta durƙusa a bakin ƙofa, cikin rana, hannu sama, har aka buga ƙararrawa. A nan ta yi amai. Na ce ta ɗebo ruwa ta wanke, in kuma ta ƙara yi min wannan iya shegen zan cire sunanta.

Ranar Laraba ta zo makaranta. Alhamis ba ta zo ba. Sai ranar Litinin na ji tana babban asibiti, wai an tashe ta sallar asuba ta kasa tsayuwa.

Ana tashi na hau keke na tafi. Na same ta an aske mata ƙeya, idonta rabi a buɗe, ba ta gane ni ba. Mahaifiyarta, Yagana, ta jawo min kujera tana ta godiya. Ina zaune likitan ya shigo, Dokta Abdulmuhaimin, riƙe da hoton kan da aka ɗauka. Ya ɗaga shi ta wajen taga ya nuna wani zagaye kamar ƙwan zabo.

"Ƙurji ne a ƙwaƙwalwa, Hajiya. Ciwon kunnen nan ne ya ci ƙashi ya shige ciki, ya tara mugunya. Wurin da ya danne shi ke daidaita tafiya da motsin hannu. Yau za mu buɗe mu zuƙe. Tun yaushe ta fara ciwon kai?"

"Kwana huɗu kafin mu zo," in ji Yagana. "Ashe ɓoye min take yi, Likita. Wai kada in hana ta zuwa makaranta a cire ta daga gasa."



"Ya kai mako uku," na ce.

Ya juyo. "Wa ya lura?"

"Ni. Malamarta ce. Rubutunta ya lalace, tana barci a aji, ta yi tangaɗi, ta yi amai."

Ya rubuta a fayil. Bai ƙara tambayata komai ba, bai kuma sake duban inda nake ba.

An yi tiyatar ta yi kyau. Mako shida tana kwance ana yi mata allura ta jijiya, har wurin sa allurar ya yi wuyar samu a hannayenta. Daga baya aka gyara kunnen. Gasar kuwa wata ɗalibar, Phoebe, na kai, ta zo ta huɗu, hedimasta ya yaba min a gaban malamai.

Khairat ta rayu, amma hannun damanta bai koma daidai ba. In ta miƙa shi za ta ɗauki kofi sai ya yi ta rawa. Likita ya ce zai iya raguwa, bai yi alkawari ba.

Da aka sallame ta na je gidansu. Na sami Yagana a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata abin da na yi ranar Talatar nan, ban rage komai ba.

Ba ta ɗago ba.

"Na sani, Malama. 'Yan ajinsu sun faɗa min."

"Maman Khairat, ki yafe min."

"Ni me kika yi min? Ni ma shekara biyu ina tura mata auduga. Ita za ki roƙa, ita kuma ba ta san an yi mata laifi ba. Har yanzu cewa take ta ba ki kunya."

Khairat na ɗaki tana barci. Ba a ce in shiga ba, ni ma ban nema ba.

Da sabon zango ya kama, mahaifinta ya zo da kansa ya ce a mayar da ita ɗaya ajin. Tagarsu tana kallon tawa. Ina ganinta a bencin gaba, ta riƙe wuyan hannun dama da na hagu tana rubutu, ana goge allo ba ta kai rabi ba. In muka haɗu a baranda sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Anti," ta matsa jikin bango in wuce.