Abin da Renita Ta Faɗa

Likita Lorraine Vasko tana cikin ciro zanen yara daga bangon ofishinta aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara talatin da huɗu ta yi a wannan asibitin na Cleveland da ke Amurka tana duba yaran da aka azabtar, yau kuma take ajiye aiki.

Wata mata ce ta shigo, sanye da rigar direbobin bas, jarida a naɗe a hannunta. Ba ta jira an ce ta zauna ba ta ja kujera.

"Ba ki gane ni ba ko, Likita? Ga shi kuwa kin sa ni a jarida."

Ta baza shafin a kan tebur. Hirar bankwana ce da aka yi da Lorraine, inda ta ba da labarin wata yarinya mai shekara bakwai da ta yi wata biyar ba ta furta ko kalma ba, sai a wannan ɗakin bakinta ya buɗe. Lorraine ta dubi bayan hannun matar, ta ga tabon ƙunar dutsen guga.

"Renita," ta ce. "Renita Colquitt! Zo nan, 'yata."

"Kar ki ce min 'yarki. Ina da uwa, kika rubuta takarda aka raba mu."

Lorraine ta koma ta zauna. Ta tuna takardar sarai. Saurayin uwar ne ya ƙona yarinyar, uwar kuma ta yi ta rantsuwa cewa faɗuwa ta yi. Da rahoton Lorraine alƙali ya dogara ya miƙa Renita gidan riƙo.

"Da na bar ki a can, da ya kashe ki," in ji Lorraine.

"Wataƙila. To me ya hana a ɗauke shi? Shi ya ci gaba da kwana a gidanmu, ni aka zuba wa kaya a ledar shara." Renita ta yi wata dariya mara daɗi. "Gida tara na zauna, Likita. Abin da maigidan na uku ya yi min ba zan faɗa miki ba, kar ya ɓata miki bikin bankwana. Mamata ta rasu ina shekara goma sha biyu, sai da aka yi sati da binne ta aka gaya min."

"Ban sani ba. Da aka mai da ke wata gunduma sai aka rufe fayil ɗinki a nan."

"Kin neme ni?"

A waccan shekarar, yara sama da ɗari ne a hannun Lorraine, amma ta san in ta faɗi haka ƙara wa matar ciwo za ta yi.

"Ba rigima na zo yi ba, ƙarfe uku zan karɓi mota," in ji Renita. "Tambaya ɗaya gare ni. Kin ce na yi magana, kowa ya yi murna. Me na ce?"

Sau da yawa Lorraine ta ba da labarin nan a gaban ɗalibai, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Amma ba ta manta ba.

"Cewa kika yi, a mai da ni gun mamata."

"Me kika rubuta?"

"Na rubuta cewa kin fara samun sauƙi."

Renita ta gyaɗa kai, ta miƙe. "Da ma so nake na tabbatar kin ji ni ran nan. Ashe kin ji." Ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

Ba a jima ba wata nas ta leƙo ta ce kowa ya hallara a ɗakin taro. Lorraine ta bi ta kamar wadda ake ja. Shugaban sashen ya yi dogon jawabi, sannan ya miƙa mata abin magana yana murmushi.

"Likita Vasko, ba za mu sake ki ba sai kin ba sababbin likitocinmu labarin yarinyar nan."

Ta riƙe abin maganar da hannu biyu. Ta gaya musu ƙunar, da wata biyar na shirun, da kalmomin da yarinyar ta fara furtawa. Ta gaya musu gida tara, da uwar da aka binne ba a sanar da 'yarta ba. Ta ce rahotonta ne ya buɗe hanyar duk wannan, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga waya ta tambayi inda yarinyar take ba.

Da ta gama, wata matashiyar likita ta share hawaye ta fara tafi, sauran suka ɗauka, har wasu suka miƙe tsaye.

"Kun ga irin tawali'un da nake gaya muku?" in ji shugaban. Ya karɓi abin maganar daga hannunta, ya ce a yanka kek.