Gonar Boubacar a Saga

"Yana kiran ka, Abdulaye," in ji Hajjo, matar maƙwabcina Boubacar, tana tsaye a ƙofar gidana a unguwar Talladjé. "Ya ce ko ba ka so, ka daure."

Wata bakwai ke nan rabona da gaishe shi.

Gonakinmu na shinkafa a Saga kunya ɗaya ce ta raba su. Wani ɗan kasuwa ya fito da takardu ya ce duka nasa ne, kotu ta ba shi. Boubacar ya ce mu ɗaukaka ƙara. Na ce na gaji da zaman benci, na bar wa Allah. Ya tafi shi kaɗai.

Bayan shekara biyu aka mayar masa da tasa. Na ruga wurin lauyansa, na ce ai takardun ƙaryar nan su ne suka ci tawa.

"Gaskiyarka, Baba," ya ce. "Amma alƙalan sama ba su da ikon taɓa hukuncin wanda bai kai kuka ba. Lokacin ɗaukaka ƙararka kuma ya wuce."

Tun ranar, ko ƙamshin tuwon gidan Boubacar na ji sai raina ya ɓaci.

Na bi Hajjo, na sami Boubacar kwance kan tabarma a gindin darbejiya, ƙafafunsa sun kumbura, sandarsa jingine da randa.

"Ka rame," ya ce.

"Kai ne mai gona, ai dole ka gan ni a rame."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sau uku na ƙwanƙwasa maka ƙofa."

"Na sani."

"Shinkafar ta nuna. Hajjo ba ta iyawa. Ka yanke, ku raba."

"Sadaka za ka ba ni?"

"Aiki nake ba ka, Abdulaye."

Na tashi na koma gida. Ya rasu ranar Laraba bayan azahar, ni na riƙe buta wajen wankan gawarsa.

Ranar sadakar uku na ɗauki lauje na nufi Saga. Zangarniya ta yi nauyi har tana taɓa ruwa. A shekara ashirin, tawa gonar ba ta taɓa yin haka ba.

Tsuntsaye sun cika gonar. Na tafa hannu suka tashi, suka tsallake kunya, suka sauka a waccan da take tawa a da. Na tsaya ina kallon su suna ci.